Tsumman Tsohon Direba

Shafi na 9

Masu turo saƙo safe da yamma wai an yi jinkiri, ku tuna sauri shi ya haifi nawa. Wanda bai bi labarin tun farko ba, ga inda aka kwana.

Tsohon Direba ya yi shekara talatin da huɗu yana jan tirela, ko kaza bai taɓa takawa ba, har ranar da likitan kamfani ya ce idonsa ya daina hango nesa, aka sallame shi ya dawo gida. 'Yarsa, wadda yake kira Uwata, zanen gine-gine take yi. Zanen da za ta miƙa jibi don a ba ta lasisin aiki yana cikin kwamfutarta ta gida, ita kuwa kwamfutar ta tsiri daskarewa tana mutuwa. Uwata ta ce gem, wato wasan kwamfuta, ake buga mata a kai in ta tafi ofis. Ta nuna ƙaninta Auta, tunda shi ya taɓa saka wani gem na tuƙin tirela bara, kuma shi ne ya gama makaranta bai samu aiki ba. Auta ya ce ba shi ba ne. Nan tsohon ya daka tsawa a tsakar gida, ya ce in aka tabbatar gem ne, duk wanda ya buga ba zai sake kwana a gidansa ba.

Magana zarar bunu. Ya faɗa ne don ya ɗauka ƙarfe ba ya ba da shaida. Mai buga gem ɗin kuwa shi ne da kansa.

*

Shagon Mai Gyara bai fi cin mutum huɗu ba. Kantoci har rufi cike da matattun kwamfutoci, kowace da 'yar takarda manne a goshi, ga ƙaurin dalma ya cika wurin. Aka ba tsohon kujerar roba guda ɗaya tilo. Uwata ta tsaya gaban tebur rungume da jakarta, Auta ya jingina da ƙofa kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

Mai Gyara gajere ne mai sanƙo, tabarau ɗaya a ido ɗaya a goshi, bakinsa ba ya hutu. Ya shafa bayan kwamfutar kamar mai lallashin jariri.

"To, a ba ni labarin mara lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Uwata ta ce, "Wata biyu ke nan. Fanka ce ta fara gurnani. Sai kibiya ta riƙa tsayawa cak, ka danna ka danna, shiru. Sai fuskar ta koma shuɗiya ta mutu. Yanzu ko minti goma ba ta yi."

"Ta taɓa faɗuwa ƙasa?"

"A'a."

"Cajarta ce ta asali, ko ta bakin titi kika sayo?"

"Tata ce."

"Ana buga gem a kai?"

Ta juya ta watsa wa Auta harara. "Tambaye shi."

"Yaya, na faɗa miki tun bara ban ƙara..."

"Rufe min baki."

Tsohon ya yi gyaran murya. "Malam, ni a ganina tsufa ne. Mota ma in ta ci hanya sai ta fara tari. Ka canja mata abin da ya gaji mu tafi, ba sai an tsaya tone-tone ba."

Mai Gyara ya yi dariya. "Tsufa kuma, Baba? Shekararta biyu. Jiya jiya aka yaye ta. Amma kafin a taɓa inji, bari a fara sauke fasinja."

Ya jingine kwamfutar a karkace gaban fankar tebur, ya soka mata wani ɗan abu kamar ɗan yatsa a gefe, ya shiga kwashe zanen. Uwata ta bi layin da ke tafiya a kan allon da ido, leɓenta na motsi. Da ya kai ƙarshe sai ta sauke ajiyar zuciya har jakarta ta zame.

"Zanenki ya fito lafiya, Malama."

Tsohon ya dafa gwiwa zai miƙe. "Alhamdu lillahi. Tunda kaya sun tsira, sai mu..."

"Zauna tukuna, Baba. Kaya sun tsira, amma a wace mota za su ƙarasa? Saura shafi nawa, Malama?"

"Uku."

"Ka ji. In ban gano abin da ke kashe ta ba, gobe tana tsakiyar aiki za ta sake miƙe ƙafa."

Tsohon ya koma ya zauna. Tsugune ba ta ƙare ba.

Mai Gyara ya buɗe wani wuri mai nuna lambobi, ya sauko da tabarau na biyu a kan na farko, ya yi fito.

"Zafinta tamanin da tara. Tana zaune ke nan, ba a sa ta aikin komai ba. In aka ɗora mata gem, sai ta doshi ɗari. Daga nan sai ta fara jan ƙafa, ta daskare, ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ba mutuwa take yi ba, suma take don ta tsira da ranta."

Wannan tsohon ya gane shi sarai. Allurar zafi ce ta kai ja.

"Abin da nake so da waɗannan halittu," in ji Mai Gyara, "ba su san rufin asiri ba. Duk sanda ta suma, tana farfaɗowa sai ta rubuta rana da lokaci."

Tsohon ya gyara zama a kujerarsa.

"Rubutawa take?"

"Kamar littafin maigadi, Baba. Saurara ka ji. Litinin, goma da rabi. Litinin ɗin dai, sha ɗaya da kwata. Talata, goma da minti ashirin. Laraba sau uku, ranar an sha fama. Sau arba'in da ɗaya gaba ɗaya, kuma in ka cire na makon nan da ciwon ya ci ƙarfinta, duk tsakanin goman safe ne da sha biyu. Asabar da Lahadi lafiyarta ƙalau. Wannan ciwon ma'aikaci ne, yana hutun ƙarshen mako."

Uwata ta tafa hannu sau ɗaya. "Lokacin da nake ofis, Inna tana shago. Sai me kuma, Auta? Sai me?"

Auta ya ɗago kai a hankali. Ba yayarsa ya duba ba. Ubansa ya duba.

Wata biyu ke nan Auta yana fita ƙarfe tara da rabi zuwa wata maɗaba'a inda ake gwada shi, sai ƙarfe ɗaya yake dawowa. Ba wanda ya faɗa wa sai uban. Sau biyu a baya ya yi shelar samun aiki abin ya wargaje, Uwata ta yi ta masa tsiya, shi ya sa wannan karon ya ce a rufe sai ta tabbata. Kullum tsohon ke raka shi bakin ƙofa ya sa masa albarka. Yana juya baya sai ya zura sakata, ya wuce ɗakin Uwata.

Tsakanin goma da sha biyu, mutum ɗaya ne tal a gidan nan.

Tsohon ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, kamar yau ya fara ganinsa.

Mai Gyara ya kashe kwamfutar ya kifar da ita. Ya ɗauki siririyar sukundireba yana kwance kusoshi yana jefawa a murfin gwangwani. Kowace ta ce ƙwas, sai tsohon ya ji kamar maɓallin rigarsa ake ɓallewa. Da murfin ya tashi, bakin Mai Gyara ya tsaya, abin da bai yi ba tun shigowarsu.

"Ikon Allah. Malama, matso ki gani."

Ya sa hantsaki ya zaro wani abu daga jikin fankar, ya ɗaga shi a hasken fitila. Dunƙulen zare ne ruwan ɗorawa, ya cure da ƙura ya zama kamar ɓawon tabarma.

"Shekara goma sha tara ina buɗe cikin kwamfuta. Na ga kyankyasai da iyalansu. Na ga shayi, na ga jan baki, na ga haƙorin yaro. Ban taɓa ganin wadda ake yi wa wanka ba sai yau."

"Wanka kamar yaya?"

"Dubi nan. Kin ga wannan kore-koren a jikin tagulla? Ruwa ne ya kwana ya tashi. Kin ga waɗannan ramukan na ƙasa? Nan ne hancinta, ta nan take shaƙar iska. Wani ne ke jiƙa tsumma ya shimfiɗa, ya ɗora ta a kai. Ya toshe mata hanci, abin da ta samu ta shaƙa kuma zare ne da laima. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Da an ƙara mako guda, da ruwan ya kai ga inda zanenki yake kwance, da sai dai ki ji labari."

Uwata ta dafe ƙirji. "Shekara biyu ina wannan zanen. Wane mugu ne zai yi haka?"

"Ba mugu ba ne, mai tausayi ne. Ya taɓa ya ji zafi, ya ce bari in sanyaya mata. Garin neman gira aka kusa rasa ido." Ya juya dunƙulen zaren yana murmushi. "Kin san abin da ya tuna min? Mahaifina bakanike ne. Ya ce a zamaninsu in mota ta yi zafi a hawa ta fara shaƙewa, tsofaffin direbobi jiƙaƙƙen tsumma suke naɗa wa famfon mai, sai ka ga ta miƙe kamar ba ita ba. Ko ba haka ba ne, Baba? An ce kai tsohon hannu ne."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tsumman nan ruwan ɗorawa, wanda ya yi shekaru yana goge gilashin tirela da shi, yana ninke a aljihun tsohon a wannan lokacin. Ji ya yi kamar garwashi aka saka masa a cinya. Ya ɗora tafin hannu a kai.

"Ana yi," in ji tsohon. "Da can."

"Ai na sani. A mota magani ne, a nan dafi ne."

Mai Gyara ya shiga aiki. Ya goge fankar da burushi, ya hura mata iska, ya kankare koren da auduga da wani ruwa mai warin asibiti. Ya ɗaga farantin tagullar ya share busasshen man da ke ƙarƙashi, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar gero. Yana yi yana surutu, amma hankalin tsohon ya tafi wani wuri.

Shi da ya taɓa tsayawa a ƙofar gida gaban maƙwabta ya kira Auta rago, ya ce namijin da ke tuƙa motar ƙarya a allo bai cancanci a ba shi tuwo ba. Shi da samarin layi ke ɓoye waya in sun hango hularsa.

Ranar farko ba da niyya ya yi ba. Uwata ce ta koya masa buɗe kwamfutar don ya riƙa jin labarai. Gida ya yi tsit, ya ga hoton kan tirela a gefe, ya ce bari ya ga wannan shirmen da ido. Yana dannawa sai inji ya tashi. Irin gurnanin nan da ke shiga ta tafin ƙafa ya hau har ƙirji. Ga sitiyari, ga madubi biyu, ga kwalta ta miƙe. Kuma a wannan hanyar nesa ba ta fi kamu biyu daga hancinsa ba, idonsa yana ganin komai tar. Bai san hawaye ya zubo ba sai da ya ɗiga a kan madannai.

Ya ce gobe ba zai ƙara ba. Sabo turken wawa.

"To," in ji Mai Gyara yana mayar da kusoshi, "bari mu ga gem ɗin da ake wannan wahala dominsa."

Ya kunna. Gurnanin injin ya cika shagon, yatsun tsohon suka motsa a kan gwiwarsa ba da izininsa ba. Mai Gyara ya buɗe shafin tarihin direba, ya karanta, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Kai. Lodi sittin da uku. Hatsari babu. Tara babu. Ko sau ɗaya bai wuce ƙa'idar gudu ba. Ni na san masu buga wannan gem, sai sun kifar da tirela sau biyar kafin su fita gari. Wannan ko fitilar kan hanya bai taɓa tsallakewa ba. Malama, anya kuwa? Wannan ba tuƙin matashi ba ne, wannan tuƙin..."

"Ni ne."

Auta ne. Ya bar jikin ƙofa ya tako tsakiyar shago, hannuwansa a baya.

"Ni ne nake bugawa. Tsumman ma ni ne. A bakin Baba na ji labarin, na ɗauka zai yi aiki. Yaya, ki yi haƙuri."

Uwata ta fashe.

"Ka kalli idona ka ƙaryata ni a gaban Inna. Ka sa na fara zargin kaina. Shekara ashirin da shida, Auta. Sa'o'inka suna fita neman na kansu, kai kana ɗaki kana jigilar iska. Lodi sittin da uku. Ina ladan? A wane banki aka zuba maka?"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri zai zana min gini?"

Mai Gyara ya sa baki. "Malama, a bi a hankali. Kayanki sun tsira, kuma..."

"Ba ruwanka, Malam, maganar gida ce." Ta juya wajen uban, idonta ya yi ja. "Baba, ka ji da kunnenka. Ba ni na ce a kori kowa ba, kai ka faɗa. Tun muna yara ka ce maganarka ɗaya ce. In ka janye yau, gobe abin da ya fi wannan zai yi."

Tsohon ya damƙe tsumman a aljihunsa.

Kalma biyu ce rak. Ni ne. Yaron nan ya faɗe ta a tsaye, alhali ba tasa ba ce. Shi mai ita ga shi zaune, ta yi masa nauyi kamar lodin siminti. Yana faɗa, Uwata za ta dube shi da wane ido? Matarsa fa? Mai Gyara kuwa bakinsa ba ƙofa, kafin la'asar duk layin sun ji cewa tsoho mai furfura ya kulle gida yana wasan yara.

"Baba, ba sai ka ce komai ba," in ji Auta a hankali. "Akwai abokina da ke da ɗaki. In mun koma zan haɗa kayana. Ka dai ba ni zuwa magariba."

Ya faɗa ba fushi ba gori. Da ma zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

"Uhm," in ji tsohon.

Abin da ya iya ke nan. Uhm. Shekara talatin da huɗu na mutunci, ga abin da suka tara masa.

Mai Gyara ya ga iska ta yi nauyi, ya tafa hannu. "To, shari'a a gida, gwaji a nan. Ba na sallamar mara lafiya sai na ga ya yi gudu." Ya ɗauko 'yan katakai biyu ya ɗora kwamfutar a kai, ƙasanta a buɗe. "Kun ga haka ake yi. Tebur mai tauri, a ɗaga mata gindi ta sha iska. Ba katifa, ba filo, ba cinya, balle tsumma. Yanzu a ɗora mata nauyin da ke kayar da ita, in ga inda zafin zai tsaya. Oga direba, bismillah. Ci gaba daga inda ta suma."

Ya janyo wa Auta kujerarsa.

Auta ya zauna a ɗofane. A kan allon, jar tirela ce mai dogon bodi tsaye a harabar wani sito, an zana fili da farin layi tsakanin wasu tireloli biyu. Tsohon ya san wurin kamar tafin hannunsa. Safiya huɗu ya yi yana jan wannan lodin, kwamfutar tana suma yana tayar da ita, ya kawo shi har ƙofa. Ribas ɗaya ya rage ta mutu a hannunsa.

"Saka ta a layi kawai," in ji Mai Gyara. "Ga mai lodi sittin da uku ai shan ruwa ne."

Auta ya laluba madannai. Ya danna wani, hon ya yi kuka. Ya danna wani, abin goge gilashi ya kama kaiwa da komowa.

"Ruwa ake yi a can?" in ji Mai Gyara.

"Hannuna ne ya goce."

Da ƙyar ya samu ribas. Tirelar ta fara ja da baya. Yana son gindin ya tafi hagu, sai ya murza sitiyari hagu. Gindin ya yi dama abinsa. Ya ƙara murzawa, bodi ya naɗo ya haɗu da kai kamar an ninke wuƙar aljihu. Ƙarfe ya yi ƙara, jan rubutu ya fito.

Tsohon ya runtse ido. Hatsari na farko.

"Subhanallahi," in ji Mai Gyara. "Ɗan'uwa, kai ne kuwa? Ko aron hannu kake yi da safe?"

"Ana kallona ne. Ba na iyawa in ana kallona."

Uwata ta daina huci. Ta matso bayan kujerar, ta dubi allon, ta dubi yatsun ƙaninta da ke yawo a kan madannai kamar baƙo a kasuwa.

"Auta, ina birki yake?"

"Ga shi... nan."

Ya danna. Fitilun gaba suka kunnu.

"Auta."

"Yaya, na ce miki ni ne. Me kuma kike so? Na amsa, zan tafi, shi ke nan. A bar maganar."

Ya sake sa giya da sauri don ya rufe bakin zancen. Gumi ya tsattsafo masa a ƙeya, ya gangara cikin kwalar riga. Tsohon yana zaune daidai bayansa, yana kallon wannan ƙeyar. Ita ce ya sha mari in yaron ya yi ƙarya yana ƙarami. Da hannunsa ya koya masa cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Yau ga shi ya shiga ramin da ƙafarsa, yana ja wa kansa ƙasa, don kada a ga tsiraicin wanda ya haƙa.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi kam ba hange ya tsaya yi ba, ɗansa ya ɗora wa tudun a ka.

Tirelar ta sake ja da baya, ta nufi ta kusa da ita gadan-gadan.

"Dama."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya tabbatar daga ina.

"Sitiyari dama, in kana son gindi ya yi hagu. Kuma madubi ake duba, ba bodi ba."

Auta ya daskare. Bai juyo ba. "Baba, ka bari. Don Allah ka bari."

Kujerar roba ta yi ƙara. Tsohon ya miƙe, ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Tashi."

"Baba..."

"Tashi, ɗan nan. Ka ɗauka ya isa. Sauke min kayana."

Auta ya tashi, kansa a ƙasa. Tsohon ya zauna. Ya gyara tabarau, ya matso da fuska kusa da allon. Yatsu huɗu suka sauka a mazauninsu ba lalube. Ya kashe fitila, ya tsayar da abin goge gilashi. Ya ja gaba kaɗan har kai da bodi suka miƙe. Ya duba madubin hagu, ya duba na dama, ya sa ribas.

Tirelar ta taho a hankali kamar ana zuba mai. Ya ba ta dama kaɗan, ya kwance, ya bi ta. Gindin ya shige tsakanin tirelolin biyu, ko iska bai goga ba, ya tsaya cif a kan farin layi. Ya ja birkin hannu. Ya kashe inji.

Shagon ya yi tsit, sai 'yar fankar kwamfutar da ke numfashi a hankali.

Mai Gyara ya dubi lambobinsa, don ya rasa inda zai sa ido. "Saba'in da ɗaya," ya ce, kamar mai raɗa. "Ta... ta warke."



Uwata ta rufe baki da hannu biyu. "Baba?"

Tsohon bai juyo ba. Kunnuwansa sun yi zafi, idonsa na kan allon, hannuwansa a kan cinya.

"Ni ne, Uwata. Lodin nawa ne, tsumman nawa ne. Ƙaninki ƙarfe tara da rabi yake fita neman aiki, ni nake rufe ƙofa a bayansa."

"Baba, ni ban... da na san..."

"Kin faɗi gaskiya, maganata ɗaya ce." Ya ɗan ɗago kai. "Auta."

"Na'am, Baba."

"In mun koma, bar jakarka inda take. Tawa za ka sauko min da ita."